Ƙofar Bebeji, 1903: Yadda Rikicin Kan Iyaka Ya Cinye Daula

Ran Lahadi, 1 ga watan Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila wadda ta taso daga Zariya ta ja daga a bakin ganuwar Bebeji, gari na farko mai ƙarfi da baƙo zai tarar a ƙasar Kano in ya fito daga kudu. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Mai Jimina, ya matsa kusa da ƙofa ya nemi a buɗe. Sarkin garin ya ƙi, domin yana riƙe da umurnin ubangidansa, Sarkin Kano Alu, cewa kada ya kuskura ya buɗe. Da magana ta ƙi ci, sai aka gyara igwa aka saki harsashi, ya farfasa ƙyauren, ya kashe Sarkin Bebeji da waɗansu manyan mutanensa da ke tsaye a bayan ƙofar. A ranar aka ci garin. Bayan kwana biyu Kano ta faɗi, ranar da aka cika mako shida kuma Sakkwato ta bi sahu.

Littattafan makaranta sukan ambaci wannan karo a layi ɗaya ko biyu su wuce. Amma wanda ke son ya fahimci yadda ake tsara yaƙi, da yadda ƙaramar husuma kan yi ta hawa mataki bayan mataki har ta fi ƙarfin waɗanda suka tayar da ita, zai sami darasi mai yawa a kudancin Kano, watau ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. A nan ne aka yi yaƙe-yaƙe iri biyu a cikin ƙarni guda, kuma dabarar da ta yi maganin na farko ita ce ta kāsa a na biyu.

Ƙasar da ke tsakanin hanya da daji

Abu biyu ne suka sa wannan yanki ya zama abin tsaro tun zamanin da. Na farko shi ne hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya, wadda ta ratsa ta yammacinsa. Bebeji, mai nisan kimanin mil 30 daga birni, zango ne babba a kan wannan hanya. Bature mai yawon bincike, Clapperton, ya sauka a can a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanen garin da dubu 20 zuwa 25, akasarinsu 'yan kasuwa. Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja suna da ƙarfi a garin, a cikinsu ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Duk wanda ya tare wannan hanya ya shaƙe wuyan kasuwar Kurmi.

Na biyu shi ne daji da duwatsu. Daga Tudun Wada in an nufi kudu da gabas, gonaki sukan ƙare a shiga dajin Falgore da tsaunukan Riruwai, ƙasar da a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, wadda ta yi iyaka da Zazzau da Bauchi. Irin wannan ƙasa mafaka ce ga wanda aka kora, mahaya kuma ba su da sukuni a cikinta. Ko Sarkin Kano Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, da masu jihadi suka rinjaye shi, kudu ya nufa, a Burumburum ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe aka kashe shi wajen 1807.

Yaƙin da ba ya ƙarewa

Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da almajiransa, saboda saɓani da hukuma a kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi. Can ya haɗa kan ƙabilun da ke zaune a wurin, irin su Butawa da Warjawa, waɗanda dama ba sa son biyayya ga Kano ko Bauchi. Daga wannan ƙaramin tushe aka sami ƙasa mai sarautar kanta, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana hana Kano da Bauchi da Zazzau barci. Sunayen shugabanninta, Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, sun zama abin razana yara a ƙauyukan kudu.

Ningawa ba su da ƙarfin da za su ci birnin Kano, ba su kuma nemi hakan ba. Dabararsu hari ce: su fito daga duwatsu da sauri, su bi ta daji, su auka wa ƙauye ko ayarin fatake da asuba, su kwashi mutane da shanu, su koma kafin labari ya kai birni. Bajamushe Staudinger, wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano tsakanin 1885 da 1886, ya ba da labarin yadda fargabar Haruna ta cika matafiya da mazauna garuruwan hanyar.

Sarakunan Kano sun fara gwada maganin da ya fi kusa da hannu, watau tara runduna babba a bi su har gida. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya yi ta fita da kansa, yakan daɗe a sansani. Amma dokin da ya ɗauki lifidi ba ya hawa dutse, kuma rundunar manoma ba ta zama a fagen fama in damina ta faɗi. In Kanawa sun zo da yawa sai Ningawa su hau tudu su jira, in sun juya sai a biyo bayansu. Saboda haka aka koma ga dabarar ribaɗi: a gina garuruwa masu ganuwa a jere a bakin iyaka, a haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta kewaye su, a zaunar da mayaƙa da iyalansu suna noma suna tsaro. Takai ta zama babban sansanin Kano a wannan fuska, har da gidan sarki a ciki. Sarkin Bauchi Ibrahim shi ma ya yi haka ta nasa ɓangaren, ya kafa Kafin Madaki, ya kuma daɗe yana zaune a Rauta.

Amfanin ganuwa a irin wannan yaƙi a fili yake. Maharin da ke sauri ba shi da lokacin kewaye gari, ba shi kuma da makamin fasa katanga. In an hangi ƙura sai a buga ganga, manoma su kora dabbobi su shige, a rufe ƙofa, 'yan baka su hau badala, a tura mahayi ya nemo gudummawa. Aikin sarkin gari ɗaya ne: ya riƙe ƙofarsa a rufe har barade su iso.

Abin lura shi ne wannan yaƙi, duk da tsawonsa da barnarsa, yana da iyakar da bai ƙetare ba. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke nema da inda ƙarfinsa ya tsaya, shi ya sa lokaci lokaci akan ƙulla amana a sarara. Sai dai sulhu ma yana da nasa haɗari ga shugaban da mabiyansa ke ci daga hari. Gajigi, wanda ya gaji Haruna, ya karkata ga zaman lafiya da maƙwabta, bai kuwa daɗe a kan mulki ba Ɗan Yaya ya kawar da shi.

Bango ya tsage

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, ko da yake mafi yawan 'ya'yan Maje Karofi suna bayan Yusufu. Yusufawa suka fice daga birni suka tafi Takai, watau ribaɗin da aka gina domin tsare Kano ya zama sansanin yaƙar Kano. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓi jagoranci ya shiga birni a wannan shekara, aka kashe Tukur a 1895.

Basasa ta bar tabo biyu. Ta cinye mayaƙa da dukiya, ta kuma sanya shakka tsakanin Kano da Sakkwato, tun da Alu da takobi ya sami sarauta, ba da takardar Sarkin Musulmi ba. Kafin raunin ya warke sai Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi daga arewa a 1898, har ya kusanto birni. Haka Kano ta shiga sabon ƙarni da abokan gaba a kudu da arewa, ga kuma rashin jituwa a cikin gida.

Matakan da aka hau

A wannan lokaci manyan masu takara a yankin sun sake. Ingila da Faransa ne ke tseren mallakar ƙasa, har sun kusa gwabzawa a Borgu. Ran 14 ga watan Yuni, 1898, suka sa hannu a yarjejeniya a Paris, suka raba ƙasar Hausa a kan taswira ba da sanin masu ita ba. Faransawa suka ci Damagaram a watan Yuli na 1899, suka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilu na 1900. Ran 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya yi shelar cewa Arewa tana ƙarƙashin kariyarsu. Amma mallakar takarda ba ta isa ba, domin a ƙa'idar Turawa na lokacin wanda ya zaunar da soja a ƙasa shi ke da ita. Muddin Kano da Sakkwato suna tsaye da ƙafafunsu, Lugga yana ganin Faransawa na iya samun dalilin kutsowa.

Daga nan aka shiga hawan mataki. Bida da Kwantagora suka faɗi a farkon 1901, Yola a watan Satumba na wannan shekara, Bauchi a watan Fabrairu na 1902. A Zariya ma ba a yi yaƙi ba: Sarkin Zazzau Kwasau ne ya nemi taimakon Turawa a kan Nagwamatse na Kwantagora, suka zo, suka zauna, daga baya suka tuɓe shi. Ningi kanta ta faɗa hannunsu a 1902, Ɗan Yaya ya rasa ransa. Kowane mataki an ba shi dalilinsa na musamman, ko cinikin bayi, ko tare hanya, ko roƙon wani sarki, shi ya sa kowane sarki ya ɗauka abin na maƙwabcinsa ne. Daular Usmaniyya kuwa ba ta da tsayayyar runduna ta tarayya. Kowace masarauta da mayaƙanta, kuma ba a taɓa haɗa su wuri guda domin tare baƙin ba.

Ran 3 ga watan Oktoba, 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, wanda ake kira Mai Launi, ya tsere zuwa Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa. A wurin Alu wannan haƙƙin Musulmi ne da ya nemi mafaka, ga shi kuma sarkin da ya hau da takobi ba zai so a gan shi yana miƙa baƙonsa don tsoro ba. A wurin Lugga kuwa, in aka kashe Bature aka zauna lafiya, to kwarjinin da 'yan tsirarun Turawa ke mulki da shi ya zube. Kowannensu ya ɗaure kansa da matsayin da ba zai iya sauka daga kai ba sai da kunya. Rahotanni suka riƙa isa Zungeru cewa Alu na shirin auka wa sansanin Zariya, Lugga ya ƙara soja a can, ƙarin sojan kuma ya tabbatar wa Kanawa cewa su ake nufi, suka duƙufa gyaran ganuwoyi.

Wani abin mamaki shi ne gwamnatin Ingila ba ta bukaci wannan yaƙi ba. Ba a daɗe da gama yaƙin Afirka ta Kudu ba, wanda ya ci kuɗi da rayuka, kuma Ofishin Mulkin Mallaka a London yana tsoron kada 'yar ƙaramar runduna ta halaka a gaban birni mai ganuwa. A jaridu manyan ofishin suka fara ganin labarin shirin a watan Disamba, suka yi ta aiko da waya suna tambaya. Lugga ya amsa cewa Kano ce ke shirin kawo hari, kuma hukumar shata iyaka ta Ingila da Faransa ba za ta iya aikinta ba sai an buɗe hanyar arewa. Da suka ga shiri ya yi nisa, sai suka amince, suka tura Janar Kemball da ƙarin soja. Ma'aikacin da ke bakin daga ya ja iyayen gidansa zuwa inda ba su yi niyya ba.

Kwana shida daga Zariya

Kanar Morland ya bar Zariya ran 29 ga Janairu, 1903, da soja baƙar fata 722, hafsoshi Turawa 24, igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, ban da ɗaruruwan 'yan alaro masu ɗauke da harsashi da abinci. Da yawa daga cikin sojojin nan Hausawa ne. Sarki Alu kuwa ba ya gari. Tun farkon watan ya tafi Sakkwato da mahaya kimanin 2,000 domin yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya gaji Abdurrahman a watan Oktoba. Ya bar birni a hannun manyan bayinsa, Sarkin Shanu da Sallama.

Nan ne ma'anar abin da ya faru a Bebeji take. Sarkin garin ya yi daidai abin da shekara 50 na yaƙin Ningi suka koya wa sarakunan kudu: ya rufe ƙofa ya tsaya a bayanta. Amma baraden da ya kamata su kawo gudummawa suna can yamma, tafiyar kwanaki masu yawa, abokin gaban kuma ya zo da makamin da aka ƙera domin fasa ƙofa. Labari ya riga rundunar isa gaba. Garuruwan da ke tsakanin Bebeji da birni, waɗanda aka sabunta ganuwarsu da wahala, masu tsaronsu suka janye ba a yi harbi ba.

Ran Talata, 3 ga Fabrairu, aka isa Kano. Ganuwar birni ta ba Turawa mamaki, domin harsashin igwa nutsewa ya riƙa yi a cikin kaurin ƙasar, ƙofar farko da suka gwada kuma an gina ta a lungu yadda ba a iya saita ta sosai. Sai suka zagaya yamma wajen Kabuga, suka sami wurin da ya fi rauni suka fasa. Masu tsaro kimanin 300 suka mutu, Sarkin Shanu ya faɗi yana kare gidan sarki. A ɓangaren Turawa ba a kashe kowa ba.

Raunin rundunar Morland yana ga dogon jerin 'yan alaronta, da bukatarta ta ruwa da hatsi a tsakiyar rani a hanya mai kusan mil 100. Kwanton ɓauna a daji da harin dare da hana abinci, watau irin yaƙin da Ningawa suka gwanance a kai, su ne abin da irin wannan runduna ta fi tsoro. Amma tarbiyyar mayaƙan Kano ta ganuwa ce da sukuwar barade a fili, waɗannan biyun kuwa su ne igwa da bindiga mai ruwa suka fi saurin murƙushewa.

Wutar ta wuce inda aka nufa

An fito ne da sunan kama Magajin Keffi da tsare Zariya, amma cin Kano bai kashe wutar ba. Shugabannin daular sun rabu a kan abin yi: waɗansu na son a yi yaƙi, waɗansu sulhu, waɗansu hijira zuwa gabas, Alu da kansa ya taɓa rubuta wa Sakkwato yana goyon bayan hijira. A hanyar komowa ya rabu da rundunarsa da dare ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya auka wa 'yan sintirin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya faɗi a can. Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a Kano, aka naɗa shi sarki a farkon Afrilu.

Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Attahiru ya nufi gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, abin da ya tsorata Turawa fiye da duk wata runduna. A Burmi an kori rundunarsu ta farko a watan Mayu, sai ran 27 ga Yuli suka ci garin, Attahiru da Magajin Keffi suka rasu a can, haka ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin. Ko bayan haka ƙura ba ta lafa ba, domin a 1906 an sake zubar da jini a Satiru da Haɗeja. Iyakar da ta jawo gaggawar kuma sai da Ingila da Faransa suka sake gyara ta a 1904 da 1906, ita ce har yau ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Kano da Damagaram.

Abin da ɗalibi da ma'aikaci za su ɗauka

Abu na farko, tsaro yakan ginu ne a kan abokin gaban jiya. Ganuwar da ta tsare manoman Kiru da Tudun Wada daga mahara ta yi aikinta shekara da shekaru, kuma nasarar nan tata ce ta hana a sake tunani sa'ad da abokin gaba ya sake kama.

Na biyu, rikici yakan tsaya a iyaka ne in ɓangarorin sun san bukatar juna, kuma akwai hanyar magana a tsakaninsu. Kano da Ningi sun san juna, suna aika manzanni, suna ƙulla amana suna warwarewa. Tsakanin Lugga da Alu babu wannan. Kowanne yana karanta shirin kariyar ɗayan a matsayin shirin hari, 'yan leƙen asiri da masu fassara kuma suna kawo wa kowa labarin da ya dace da tsoronsa.

Na uku ya shafi ma'aikatan hukuma kai tsaye. Rahoton da jami'i ya aika daga bakin iyaka yana iya ɗaure hannun gwamnati gaba ɗaya, musamman in ya riga ya motsa mutane da kaya kafin a ba shi izini. London ta yi tambayoyinta bayan soja sun taru a Zariya, lokacin da janyewa ta riga ta zama abin kunya.

Kudancin Kano ya sake kama tun daga wancan zamani. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 a zamanin Gwamna Audu Bako, ta mai da ƙasar da ake gudun mahara ta zama ta noman rani, ganuwoyin garuruwa kuma sun zaizaye, an yi gonaki da gidaje a kansu. Dajin Falgore dai yana nan inda yake, a mahaɗar jihohin Kano da Kaduna da Bauchi, kuma ɓarayin shanun da suka addabi yankin wajen 2015 sun fake a cikinsa ne saboda dalilin da ya sa maharan ƙarni na 19 suka bi ta nan: daji ne mai faɗi da ke tsakanin hukumomi uku, kowace tana tsaron nata gefen ita kaɗai.